Kwikwiyon Ayi da Butar Inna

A shekaru bakwai da na yi a Guangzhou na ga abubuwa iri-iri, da yawansu ma sun riga sun ɓace min, amma akwai wasu sati shida da har ƙasa ta rufe min ido ba za su fita daga raina ba. Su ne satin da ni, wadda tun ina yarinya in na hango kare a bakin lungu sai in canza hanya, na zama mai renon kwikwiyo. In na ba da labarin nan a gidan biki mata kan yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ma in taya su, amma duk sanda na zo ƙarshensa sai muryata ta fara rawa.

A lokacin maigidana yana aikin tura kaya a wajen filin jirgin Baiyun, ni kuma ina shiga kasuwar Shahe ina haɗa wa matan Kano dogayen riguna da kayan yara. 'Ya'yanmu uku suna gida wajen Inna, mahaifiyata, saboda makaranta. Mu biyu ne tal a hawa na tara na wani dogon bene, ƙofarmu tana kallon ƙofar wata tsohuwa 'yar ƙasar. Kowa a benen Ayi yake ce mata, kamar yadda mu za mu ce Gwaggo, ni ma sai na bi sahu. Ba ta jin Turanci, ni kuma Sinancina bai wuce gaisuwa da godiya da cinikin riga ba. Da hannu muke hira, in abin ya gagara mu ɗauko waya ta fassara mana, ta kuma ɓata rabi.

Sai na faɗi abin da ya haɗa ni da matar nan, don a gane dalilin da ya sa na yi abin da na yi. Watana biyu da zuwa wani zazzaɓi ya kayar da ni. Maigida kullum yana filin jirgi, ba uwa ba 'yar'uwa, ina kwance ina kukan kewar gida. Rannan aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, sai ga Ayi riƙe da tukunya sabuwa fil, takardar kanti ma ba a ɓare ba. Ta nuna min takardar, ta nuna min kifi da citta da shinkafa a leda, ta yi ta girgiza kai tana kwaikwayon gurnanin alade, wato babu shi a ciki. Ashe ta lura ba na cin abincin kowa, shi ne ta je ta sayo tukunyar da ba a taɓa dafa komai a ciki ba. A kicin ɗina ta tsaya ta dama min kunun shinkafa da kifi, ta zauna har na shanye. Kwana huɗu tana yi min haka.

Bayan kamar shekara biyu mijinta ya rasu. Matar da kullum da safe take sauka rawar tsofaffi a filin ƙasa ta daina fita, ta rame, in na gaishe ta sai ta ɗaga hannu kawai. Ɗanta guda ne, yana aikin ofis a unguwar Tianhe, ranar Lahadi kaɗai yake samun zuwa. Muna nan haka sai wata ƙawarta ta kawo mata ɗan kwikwiyo, ruwan ƙasa-ƙasa, kunnuwa a langaɓe, bai fi takalmin maigidana girma ba. Ranar da na fara ganinsa na ce a'uzubillahi, na ja da baya har na buge da bango. Amma a satin nan na ji Ayi tana dariya ta cikin ƙofa, abin da na yi wata da watanni ban ji ba. Sai na ce a raina, to, kowa da abin da Allah ya sa zai zame masa magani.

Matsalar ɗaya ce, ja'irin nan duk inda ya ga dama nan yake fitsari. Ɗan Ayi ya sayo wani faffaɗan faranti na roba mai raga a kai, aka ajiye a baranda don ya riƙa yi a ciki, amma ko kallonsa ba ya yi. Wata safiya na ji ƙara, na ji ihu. Ayi ta taka fitsarin a kan tayil, santsi ya kwashe ta, ta karye a ƙugu. Ni na kira ɗanta, ni na riƙe mata hannu har aka zo aka ɗauke ta.

Kwana uku bayan aikin da aka yi mata na je dubiya asibiti. Na tarar da ɗan a tsaye a bakin gado, idonsa ja don rashin barci, ita kuma ta juya fuska bango. Da Turanci ya yi min bayani. Ya ce za ta yi kamar sati shida kafin ta koma gida, kuma da ƙarfen dogarawa za ta koma. Ya ce in ta sake faɗuwa wataƙila ba za ta ƙara tafiya ba, don haka ya yanke shawara zai ba wani abokin aikinsa karen, can wani gari. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne, kuma gaskiya ce da shi. Amma na kalli Ayi na ga hawaye yana gangarowa har cikin kunnenta, ba ta ko share ba.

Ni dai an san ni, bakina yana riga tunanina fita. Sai kawai na ji na ce, "Bar shi a gidan. Ba ni makulli, ni zan koya masa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, hijabi da komai, ya ce, "Madam, kin taɓa riƙe kare?"

Na ce, "Ban taɓa ba. Amma na yaye 'ya'ya uku, kuma babu mai fitsarin kwance a cikinsu."

Ya ɗan yi murmushin gajiya. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: in mahaifiyarsa ta dawo karen ya ɓata ɗaki, ranar Lahadin da ta biyo baya zai zo ya ɗauke shi, ba wata magana. Na karɓi makulli, sai da na shiga jirgin ƙasa na zauna sannan na ce, oh ni, me na jawo wa kaina?

Da na gaya wa maigida ajiye cokali ya yi. "Hajiya, lafiyarki ƙalau kuwa? Kare? To ki ji da kyau, ba dai a gidan nan ba."

Na ce, "Alhaji, wa ya ce maka nan zan kawo shi? Yana can gidansu. Ni zan riƙa zuwa."

Ya ce, "Da sallarki fa? Da tufafinki?"

Na ce wannan kuma tsakanina da Ubangijina, na san yadda zan yi. Na ware wani tsohon zani da riga na rataye a bayan ƙofar Ayi, na sa musu suna kayan kare. Na sayo safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu. Kuma na tsara wa kaina cewa kafin kowace alwala zan riƙa leƙawa, tunda dama wanka da wanki suna jirana, in gama da ƙazanta gaba ɗaya sannan in tsarkaka in fuskanci gabas. Butata nake ɗauka in tafi da ita, don da ita nake zuba ruwa in wanke farantin. Buta ce ta roba mai ratsin kore da fari, Inna ce ta cusa min ita a jaka ranar da zan taho, tana cewa ba ta yarda da bayan gidan mutanen da ba ta sani ba.

Satin farko wallahi azaba na sha. Ina buɗe ƙofa zai taho da gudu yana tsalle, ni kuma in yi ta salati ina haye kujera. Rana ta biyu ya lashe ni a ƙafa. Na tashi zan yi wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda aka koya mana tun muna yara, sai na tuna a hawa na tara nake a birnin da ko'ina siminti ne. Ina zan samo ƙasa? Idona ya faɗa kan tukwanen fulawar Ayi a baranda. Allah ya yafe min, kafin sati shidan nan su cika sai da na rage wa wata tukunya kusan rabi.

Koyarwar kuwa, da faɗa na fara. In na tarar ya yi a tsakar ɗaki sai in ɗaga silifa in buga a ƙasa in yi ta masifa da Hausa: "Kai wane irin ɗan banza ne? Ga wuri an ajiye maka! So kake a kore ka?" Shi kuma ya maƙale a lungu yana karkarwa. Abin da ya koya daga wannan shi ne ɓuya. Ya daina yi a fili, ya koma yi a ƙarƙashin gado da bayan firiji, inda sai wari ya kai ni. Ranar da na kwanta rub da ciki ina zura mofa ƙarƙashin gadon Ayi, na zauna a ƙasa na fashe da kuka don takaici.

A ranar na kira Inna. Sai da ta yi dariya har ta ƙware. "'Yar nan, ashe tarbiyyar karnuka kika je yi Chana? Mu nan muna ta cewa kina kasuwanci!" Da ta gama tsokanar sai ta ce, "To ke da na rene ki, kin taɓa jin na dake ki a kan fitsari? Yaro ba ya koyon fo da tsawa. Lokacinsa ake kamawa. Yana tashi daga barci a ɗora shi, yana gama ci a ɗora shi, in ya yi a yi masa tafi kamar ya ci jarrabawa. In ya ɓata kuwa, laifin mai renon ne, ita ta makara." Ni ma na san haka na yi wa nawa 'ya'yan, haushi ne kawai ya mantar da ni.

Washegari na canza salo. Na roƙi maigida kwalaye daga wajen aikinsa, ya kawo yana gunaguni, na kewaye wa kwikwiyon ɗan wuri kusa da ƙofar baranda don kada ya yi ta yawo. Da asuba, da hantsi, da azahar, da la'asar, da magariba, da lisha, ina shigowa da butata a hannu, in ɗauke shi da safar hannu in ɗora a kan faranti, in tsuguna ina yi masa "ssss" yadda ake yi wa jariri. Ran farko sai da ƙafata ta yi sanyi kafin ya yi. Da ya yi kuwa na manta da kaina, na rangaɗa guɗa a barandar mutane. Wata mata a benen da ke kallonmu ta leƙo da sauri ta zaci gobara ce. Shi kuwa ya yi ta kaɗa wutsiya har duk jikinsa yana lanƙwasa, na ba shi ɗan guntun kaza, na tsiyaya ruwa daga buta na wanke wurin.

Kasuwata ta sha wuya a satin nan. Ina tsakiyar zaɓen kaya a Shahe zan duba agogo in ce wa mai kanti sai gobe, in kama hanya. Amma abin ya fara kamawa. A sati na uku ba sai na ɗauke shi ba, ina shigowa zai ruga da kansa ya haye farantin, ya gama, ya juyo yana kallona yana jiran yabo. A hankali na janye kwalayen. Ban san ranar da na daina ce masa ɗan banza na koma ce masa yarona ba. Ban san ranar da na cire safar hannu na shafa kansa ba, sai dai na tuna laushin kunnen, da yadda na je na wanke hannu ba tare da na ji haushin kowa ba. In na ɗauki hotonsa a kan faranti na kai wa Ayi asibiti, sai ta rungume wayar a ƙirji. Ma'aikatan wurin suka ce tun da na fara kawo hotunan ta daina ƙin motsa jiki, ita ce ma take tuna musu lokaci. Har maigida, mai cewa ba ruwansa, na kama shi yana naɗe ƙashin kaza a takarda yana ajiye min a bakin ƙofa.

Sati biyun ƙarshe ko ɗigo bai yi a ɗaki ba. Ranar Alhamis aka dawo da Ayi. Na ci ado, na yi mata dambun nama, na miƙa wa ɗanta makulli ina ta hura hanci. Kwikwiyon ya kusa haukacewa don murna, ita ma haka. Na koma gida na ninke kayan kare na ce aikina ya ƙare, bari in bar Ayi da kwikwiyonta su huta.

Ran Asabar da yamma ɗan ya turo min saƙo. Ya ce ya gode da ƙoƙarina, amma matar da ya ɗauko ta kula da mahaifiyarsa ta gaya masa tun ran Juma'a karen yake yini yana kuka a bakin ƙofa, ba ya zuwa baranda, in ya matsu sai ya saki a nan. Sau huɗu ke nan. Gobe zai zo ya ɗauke shi. Na karanta saƙon nan kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Sati shida! Kuma ni na tsaya a gaban mutum na bugi ƙirji. Na kasa ko leƙawa in haɗa ido da Ayi.

Ran Lahadi da azahar na cika butata zan yi alwala, sai na ji muryoyi a waje, na ji kukan Ayi, irin kukan tsofaffi mara ƙarfi. Ban tsaya ajiye komai ba, na yafa mayafi na fito. Ƙofarsu a buɗe, ɗan yana tsugune da keji a gabansa, Ayi tana tsaye jikin ƙarfenta tana magana da sauri-sauri, kwikwiyon ya shige ƙarƙashin kujera. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai yarona ya leƙo. Bai kalli fuskata ba, hannuna ya kalla. Ya fito a guje, ya zagaya ni sau ɗaya, ya nufi baranda, ya haye faranti. Ya daɗe yana yi, bawan Allah, ashe tun safe yake riƙe da shi. Da ya gama ya juyo yana kaɗa wutsiya.

Na dubi hannuna, na ga buta. Innalillahi! A sati shidan nan kaf ban taɓa shiga gidan nan babu ita a hannuna ba, in ban da ranar da na ci ado. Ni a zatona faranti na koya masa, ashe shi buta ya koya. A wajensa in ba a ga buta ba lokaci bai yi ba, shi ya sa yake zama a bakin ƙofa yana jiran ta shigo har abin ya fi ƙarfinsa.

Na yi wa ɗan bayani ina haɗa Turanci da Hausa da hannu. Ya kalli butar, ya ce, "Wannan tukunyar shayin?"

Na ce, "Ba ta shayi ba ce, amma bar wannan. Ka ba ni zuwa la'asar kawai. In bai yi ba ni da kaina zan sa maka shi a kejin."

Ya duba agogo, ya dubi mahaifiyarsa, ya zauna. Na je na yi sallata, kuma ban ɓoye ba, a sujada har kwikwiyo na saka a addu'a. Da la'asar ta yi na cika butar, na ba mai kula da Ayi ta shiga da ita ta damƙa a hannun tsohuwar, ni kuma na laɓe a bayan ƙofa don kada ya gan ni. Ta ɗan tsagar ƙofa na ga Ayi ta ɗaga butar da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙarfe, ruwan yana ɗan zuba. Kwikwiyon ya ɗago kai, ya kalli butar, ya kalli Ayi kamar yana tambayar ko ita ma ta iya, sannan ya miƙe ya tafi baranda. Abin da na ji bayan nan shi ne Ayi tana ƙoƙarin yin guɗa yadda ta ga ina yi a bidiyon da na taɓa nuna mata a wayata, muryar tana fita kamar ta 'yar akuya. Ɗan ya yi dariya har ya cire tabarau yana goge ido. Da zai tafi, kejinsa ya ɗauka babu komai a ciki.

Butar Inna ba ta dawo gidana ba. Na rubuta wa Ayi lokutan da nake zuwa, ta manna a jikin firiji, wato dai lokutan sallata. Daga baya karen ya girma ya gane faranti ko babu buta, amma su biyun ba su daina ba, ya zame musu al'ada. Abin ma har ya dawo kaina. In la'asar ta yi Ayi ba ta ji motsin ruwa a gidana ba, sai ta tako da ƙarfenta ta ƙwanƙwasa min ƙofa, ta ɗaga buta tana hararata. Maigida ya ce duk Guangzhou ni kaɗai ce mai ladan 'yar Chana.

Mun dawo Kano da shekara biyu ɗan ya turo min saƙo cewa Ayi ta rasu, cikin barcinta, karen yana kwance a gefen gado. Na yi kuka kamar an ce min gwaggota ce ta ciki ɗaya. Bayan wasu watanni ya sake turo hoto: barandar gidansa a Tianhe, karen a zaune ya yi ƙato, a gefensa butar Inna ta koɗe, ta tsage a gindi an liƙe da salatif. A ƙasa ya rubuta cewa tun da ya dawo da shi gidansa ba ya yarda ya ci abinci da safe sai an ɗaga masa ita, ga shi tana yoyo, ko na san inda ake sayar da irinta. Mutumin da ya zo da keji ke nan. Washegari na shiga kasuwa na zaɓo mai ratsin kore da fari, maigida ya ba wani ɗan kasuwa mai komawa Chana. Maigida ya ce shekara da shekaru yana turo kaya daga Chana zuwa Kano, bai taɓa tura komai can ba sai buta.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari, duk wanda kake reno, ɗa ne ko dabba, ba faɗanka yake koya ba, abin da ya ga kana yi kullum shi yake riƙewa, har wanda kai ba ka san kana yi ba. Tun daga nan nake kula da abin da ke hannuna in zan shiga wajen jikokina. Na kuma gane maƙwabtaka ba ta jiran sai an ji yaren juna. Ayi ta sayi sabuwar tukunya saboda addinina, ni na tsuguna gaban kare saboda hawayenta, kuma har yau in na ɗauki buta zan yi alwalar la'asar sai na ji kamar za a ƙwanƙwasa min ƙofa.